Ray Johnson: Mai Zanen Da Ya Mayar Da Gidan Waya Rumfarsa

A filinmu na tarihin fitattun mutane, yau za mu tsallaka zuwa ƙasar Amurka domin kawo wa masu karatu labarin Ray Johnson, wani mai zane da ya rasu a shekarar 1995. Abin da ya sa muka ga ya dace 'yan kasuwa su san shi, shi ne mutumin ya shafe kusan shekara 40 yana yin abin da duk mai rumfa zai kira wauta. Zai zauna ya ƙera kaya mai daraja da hannunsa, ya sa a ambulan, ya manna kan sarki, wanda wasunmu ke kira tambur, ya aika wa mutane kyauta, wasunsu ma bai taɓa sa su a ido ba. Amma kuma in aka zo maganar ciniki, dillalan birnin New York sun sha wuya a hannunsa, domin ba ya sallama kaya cikin sauƙi. Daga wannan ɗabi'a tasa ne aka samu abin da ake kira fasahar wasiƙa, wato masu zane su riƙa aika wa juna ayyukansu ta gidan waya daga ƙasa zuwa ƙasa, ba dillali, ba la'ada.

HAIHUWA DA KARATU

An haifi Ray Johnson ranar 16 ga watan Oktoba na shekarar 1927 a birnin Detroit na jihar Michigan, birnin da ya yi suna wajen ƙera motoci. Asalin gidansu mutanen ƙasar Finlan ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, kuma shi kaɗai ne wajen iyayensa. Ya yi sakandare a wata makarantar koyon sana'a ta birnin mai suna Cass, inda ya koyi zanen talla. Tun a wannan lokaci, yana ɗan saurayi, yakan rubuta wa abokinsa wasiƙu ya cika su da zane-zane, ba tare da wani ya ɗauki abin da muhimmanci ba.

A shekarar 1945 ya tafi kwalejin Black Mountain da ke jihar Karolina ta Arewa, ya zauna har 1948. Ƙaramar makaranta ce a cikin duwatsu, ba ta da kuɗi, har ɗalibai da malamai kan yi noma da aikin gini da kansu, amma ta tara gwanaye. Babban malaminsa shi ne Josef Albers, wani Bajamushe da ya baro ƙasarsa a 1933 bayan da 'yan Nazi suka hau mulki. Albers ya koya masa sanin launi da kuma yadda ake sarrafa takarda, a yanka ta, a naɗe ta, a jera ta. A can ne kuma ya haɗu da John Cage mai tsara kiɗa da Merce Cunningham mai tsara rawa, kuma daga baya Cage ya zama maƙwabcinsa a New York.

ZAMAN NEW YORK

A farkon 1949 Johnson ya isa New York, ya kama ɗaki a unguwar masu ƙaramin ƙarfi. Domin samun abin sawa a baka ya yi aiki a wani kantin sayar da littattafan ƙasashen Asiya, yana kuma zana bangon littattafai ga wani kamfanin ɗab'i mai suna New Directions. Da farko yana zane da fenti a kan allo kamar sauran takwarorinsa, amma a tsakiyar shekarun 1950 sai ya watsar da wannan hanya, har ya ƙone da yawa daga cikin zanensa na farko.

Abin da ya koma yi shi ne aikin yanka da liƙe. Yakan yanko hotuna daga jaridu da mujallu da kwalin taba, ya liƙa su a kan kwalin da ake sawa cikin riga bayan an goge ta, ya shafa launi, ya goge da takarda mai kaushi, ya sake yankawa ya liƙa a wani wuri. Ya yi amfani da hotunan mawaƙi Elvis Presley da ɗan wasan fim James Dean tun kafin irin wannan aiki ya zama yayi, shi ya sa masana ke lissafa shi cikin waɗanda suka share wa Andy Warhol da ire-irensa hanya. Waɗannan ƙananan ayyuka ya raɗa musu suna motikos a 1955. Yakan zuba su cikin akwati ya fita da su, ya baje a bakin titi ko a tashar jirgin ƙasa ko a gidan shan shayi, ya nuna wa duk wanda ya tsaya, kamar dai mai talla.

Ya kamata mai karatu ya san yadda kasuwar zane take a wancan birni, domin sai da haka za a gane abin da Johnson ya yi. Mai zane ba ya kaiwa ga mai saye kai tsaye. Akwai gidajen baje koli na dillalai, su ne ke zaɓen wanda za a nuna aikinsa, su yanka farashi, su cire kaso mai tsoka. Bayansu akwai masu sharhi a jaridu da shugabannin gidajen adana zane, waɗanda kalmarsu ke ɗaga mutum ko ta binne shi. Wanda waɗannan ba su buɗe wa ƙofa ba, ko da gwaninta ta kai ina, kayansa a ɗaki za su tsufa.

MAKARANTAR DA BA TA DA AJI

Johnson ya lura cewa akwai wata ƙofa da babu mai gadi a bakinta, ita ce akwatin gidan waya. Tun 1874 ƙasashe suka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Siwizalan, suka amince cewa wasiƙar da aka biya wa kan sarki a ƙasa ɗaya, sauran ƙasashe za su isar da ita ba tare da an sake biya ba. Ke nan da 'yan sulalla kaɗan aikin mutum zai iya isa hannun wani a wata nahiya. Kafin shi wasu sun taɓa wasa da wannan dabara, irin su Marcel Duchamp na Faransa da ya aika wa abokansa katunan gidan waya a matsayin aikin fasaha a 1916. Sai dai Johnson ne ya mayar da abin sana'ar kullum, ya kuma jawo ɗaruruwan mutane ciki.

Yadda yake yi shi ne, zai aika maka da takarda mai ɗan zane ko yankakken hoto, ya rubuta a jiki cewa ka ƙara wani abu ka mayar masa, ko kuma ka tura wa wani mutum da ya ambata. Sau da yawa wanda aka ce ka tura wa ba ka san shi ba. Da haka sai takarda ɗaya ta bi hannu uku ko huɗu, kowa ya sa nasa, kuma mutanen da ba su san juna ba su wayi gari suna musayar wasiƙu. Mu da muka saba ba direba saƙo ya miƙa wa wani a tasha, shi kuma ya isar ga mai shi a hayin iyaka, mun san cewa irin wannan sarƙa amana kaɗai ke riƙe ta. In mutum ɗaya ya danne saƙo, ta tsinke. An samu masu danne na Johnson, ganin cewa wata rana zai yi kuɗi, amma duk da haka sarƙar ta yi ta tsawo.

A shekarar 1962 wani abokinsa mai zane, Ed Plunkett, ya raɗa wa wannan harka suna Makarantar Musayar Wasiƙu ta New York. Sunan na barkwanci ne, domin ba gini, ba aji, ba kuɗin makaranta, ba takardar shaida. Duk wanda ya samu wasiƙa ya amsa, ya zama ɗalibi. Alamar da aka fi sanin Johnson da ita ita ce kan zomo mai dogayen kunnuwa, wanda yakan zana ya rubuta sunan wani a ƙarƙashi, ko sananne ko wanda ba a sani ba, duk kansu iri ɗaya. Haka kuma yakan kira taro ya ce za a yi ba komai, mutane su hallara, a zauna, wani lokaci ya watsa 'yan katako a ƙasa, a tashi. A 1965 wata 'yar jarida ta New York Times ta bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa suna a cikin masu zanen birnin da ba a sani ba, kuma wannan laƙabi ya bi shi har kabari.

CINIKI DA JOHNSON

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mutumin bai san darajar kuɗi ba. Manyan ayyukansa na yanka da liƙe yakan sayar da su, kuma a nan ne ake ganin ɗaya fuskar tasa. Wani mai zane, Peter Schuyff, ya ba da labarin cewa Johnson ya sa wa wani aiki dala 2,000, shi kuma ya taya dala 1,500. Johnson bai ce albarka ba, ya karɓi tayin. Da kaya suka iso, sai mai saye ya tarar an yanke kashi ɗaya cikin huɗu na aikin. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Haka ya yi da wani attajiri mai dillancin littattafai, Morton Janklow, wanda ya nemi a yi masa hoton kansa. Johnson ya yi guda 26, sannan aka shiga kai-komo da wasiƙu a kan farashi, yau ya rage, gobe ya ƙara wani abu a jikin hotunan ya ce kuɗi sun hau. Waɗanda suka san shi sun ce a wajensa cinikin kansa wani ɓangare ne na aikin. Abin da yake nuna wa masu kuɗi shi ne, abin da zai ba ɗan makaranta kyauta a ambulan, in attajiri ya zo da niyyar mallaka, to sai ya ji a jikinsa. Kyauta daban, ciniki daban, kuma shi ke da ikon cewa wanne ne wanne.

BARIN BIRNI

Ranar 3 ga watan Yuni na 1968 wata mata ta harbi abokinsa Andy Warhol, ya tsallake rijiya da baya. A wannan rana ce kuma wasu ɓata-gari suka tare Johnson da wuƙa a titin New York. Kwana biyu bayan haka aka harbe Robert Kennedy mai neman shugabancin ƙasa. Waɗannan abubuwa sun girgiza shi, ya tattara ya bar birnin zuwa tsibirin Long Island, inda daga baya ya sayi ɗan ƙaramin gida a garin Locust Valley. A nan ya zauna shi kaɗai har ƙarshen rayuwarsa, ba ya cika barin baƙo ya shiga, amma wasiƙu da wayar tarho ba su yanke ba.

A shekarar 1970 gidan adana zane na Whitney, ɗaya daga cikin manya a Amurka, ya ba shi fili. Maimakon ya rataya ayyukansa shi kaɗai, sai ya aika wa abokan wasiƙarsa gayyata cewa kowa ya turo abin da ya ga dama zuwa gidan, aka kuma nuna abin da ya iso ba tare da tankaɗe da rairaya ba. Wannan baje koli na daga cikin na farko da wani babban gida ya yi wa fasahar wasiƙa. Shekara uku bayan haka, a watan Afrilu na 1973, Johnson ya rubuta wa sashen sanarwar rasuwa na New York Times cewa makarantarsa ta mutu. Ya ci gaba da aika wasiƙu a ƙarƙashin wasu sunaye na barkwanci, amma ya nuna ba ya son a naɗa shi sarkin wata ƙungiya. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ya daina yarda dillalan New York su baje kolin ayyukansa, duk da lallashin da suka yi ta yi.

YADDA ABIN YA BAZU A DUNIYA

A lokacin da Johnson ke janye jiki, abin da ya shuka ya riga ya fi ƙarfinsa. A shekarun 1970 mujallu irin su FILE ta ƙasar Kanada suka fara buga jerin sunaye da adireshin masu zane tare da irin hotunan da kowa ke nema. Daga nan aka samu al'adar kiran buɗe ƙofa, wato mutum a kowace ƙasa ya zaɓi jigo, misali zaman lafiya ko ruwa ko tsuntsaye, ya faɗi girman takarda da ranar rufewa, ya watsa sanarwa cewa kowa ya turo. Sannu a hankali aka daidaita a kan sharuɗɗa huɗu da ba hukumar da ta kafa su. Ba a biyan kuɗin shiga. Ba alƙalan da za su zaɓi wani su ƙi wani, duk abin da ya iso za a nuna. Ba a mayar wa mutum aikinsa, ya zama na mai kira. Shi kuma mai kira wajibi ne ya aika wa kowane mai shiga takardar shaida mai ɗauke da sunaye da adireshin duk waɗanda suka shiga. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ribar harkar, domin da jerin adireshin ne kowa ke samun sababbin abokan hulɗa. Masu wannan fasaha sun riƙe sharuɗɗan da ƙarfi, har a 1984 da aka yi wani baje koli a gidan Franklin Furnace na New York aka ajiye wasu ayyuka ba a nuna ba, sai da aka yi babbar rigima.

A Amurka abin wasa ne da raha, amma a ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin kama-karya ya zama maganar rai da mutuwa. A Jamus ta Gabas da Folan, inda fita waje ke da wuya, ambulan ne tagar da masu zane ke leƙa duniya, alhali 'yan sandan ciki suna buɗe wasiƙu suna karantawa. A Birazil, a shekarar 1976, 'yan sanda sun rufe baje kolin fasahar wasiƙa da aka shirya a babban gidan waya na birnin Recife, suka kama Paulo Bruscky da abokin aikinsa. A Yurugwai gwamnatin soja ta kama Clemente Padín a 1977 saboda ayyukan da yake aikawa masu yi wa sojoji shaguɓe, ciki har da kan sarki na bogi. Abokan wasiƙarsa a ƙasashe da dama suka yi ta aika koke, aka sake shi a 1979 kafin wa'adin da aka yanka masa ya cika. A Ajantina kuwa, Edgardo Antonio Vigo ya yi amfani da wannan hanya wajen sanar da duniya ɓatan ɗansa, wanda aka sace a 1976 zamanin mulkin soja. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suka tsaya wa juna, saboda takardun da suka saba musaya.

RASUWARSA

A shekarunsa na ƙarshe Johnson ya koma ɗaukar hoto da ƙananan kyamarori na yarwa, yana yawo a bakin teku da maƙabartu da wuraren ajiye motoci. Ranar Juma'a 13 ga watan Janairu na 1995 ya tuƙa motarsa zuwa garin Sag Harbor, ya kama ɗaki a wani masauki. Da yamma aka ga ya faɗa ruwa daga kan gada, cikin tsananin sanyi, yana iyo da baya yana nufar teku. Washegari aka tsinci gawarsa, kuma hukuma ta ɗauki lamarin a matsayin kashe kai. Yana da shekara 67, bai bar mata ko ɗa ba, bai kuma bar wasiƙar bayani ba, shi da ya rubuta dubbai. Abokansa sun yi ta lissafi cewa lambar 13 ta bi ranar, domin 6 da 7 na shekarunsa 13 ne, haka ma lambar ɗakinsa 247 in an haɗa. Wannan lissafi bai rage wa waɗanda suka ƙaunace shi baƙin ciki ba.

Da aka buɗe gidansa sai aka tarar da akwatuna jere cikin tsari, maƙare da ayyukan da ba wanda ya taɓa gani. Kasuwar da ya guje wa yana raye ta same shi bayan ya mutu. A 1999 gidan Whitney ya yi babban baje kolin tarihin aikinsa. A 2002 aka fitar da fim a kan rayuwarsa, mai suna How to Draw a Bunny, wato yadda ake zana zomo, wanda ya ci lambar yabo a bikin fina-finai na Sundance. A 2021 Cibiyar Zane ta Chicago ta nuna tarin wasiƙunsa, a 2022 kuma ɗakin karatu na Morgan a New York ya nuna hotunan da ya ɗauka. Takardun da ya aika kyauta da kuɗin kan sarki, yau dillalai na sayar da su, gidajen adana zane na ajiye su a bayan gilashi.

ABIN LURA GA MASU KARATU

Fasahar wasiƙa ba ta mutu da shi ba. A Japan, Ryosuke Cohen ya fara wani shiri a 1985 inda yake tara hatimai da ƙananan zane daga ƙasashe daban-daban ya buga su a takarda ɗaya ya aika wa kowa, kuma ya fitar da fiye da 1,000. Yanzu galibin sanarwar kira ta intanet ake watsa su, amma aikin kansa har yau ta gidan waya yake tafiya.

Muna da matasa a kasuwanninmu masu zanen allon shaguna da jikin manyan motoci, da masu zayyana da masu ɗinkin hula, waɗanda irin wannan sanarwa kan iso wayoyinsu. Yana da kyau iyaye da iyayen gida su san ƙa'idar. Akwai gasannin zane na wasu nau'o'i da ke karɓar kuɗin rajista a fili, amma kiran fasahar wasiƙa na gaskiya ba ya neman ko sisi ban da kuɗin kan sarki, ba ya kuma alƙawarin biza ko kyautar miliyoyi. Duk wanda ya zo da sunan wannan fasaha ya ce a fara turo kuɗi, to a yi hattara da shi. Haka nan wanda zai aika ya sani cewa aikinsa ba zai dawo ba, don haka kada ya tura abin da yake son sayarwa. Abin da zai samu shi ne sunansa a jeri, da adireshin mutanen da wataƙila za su amsa masa daga wata ƙasa. A kan wannan Ray Johnson ya ƙare rayuwarsa, kuma fiye da shekara 30 bayan rasuwarsa ana ci gaba da aikawa ana amsawa.

Sai mun haɗu a fili na gaba da tarihin wani.